Wanda Ya Zo Na Ƙarshe Shi Ke Riƙe Da Filin Tseren Motoci

Duk mazaunin birnin Katsina ya san ƙarar da kan tashi da yammacin ranar ɗaurin aure, lokacin da abokan ango suka samu shimfiɗaɗɗen titi, ɗayansu ya murɗa sitiyari ya ja birkin hannu, mota ta shiga juyawa a wuri guda tana fitar da hayaƙin taya, yara kuma suka yo dafifi suna sowa. Dattawa suna kiran abin ganganci, kuma gaskiyarsu ce, domin wanda tsautsayin kan faɗa wa sau da yawa ɗan kallo ne ko mai wucewa, wanda bai ci nanin ba nanin ta ci shi. Jami'an tsaro kan yi kame, iyaye su ja kunne, a yi tsit na wasu makonni, sannan abin ya dawo kamar ba a taɓa hanawa ba. Wannan dawowa da ake yi tana nuna cewa akwai wata sha'awa mai ƙarfi a zukatan samari wadda ba ta da filin da za a kai ta, kuma ba mu ne farkon waɗanda suka ga irin wannan ba.

A Amurka, bayan yaƙin duniya na biyu, samarin Kalifoniya sun addabi tituna da tseren motocin da suka yi wa kwaskwarima da hannunsu, har a 1951 wani mai suna Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA da nufin ɗauke tseren daga kan hanya zuwa keɓaɓɓen wuri mai dokoki. A Afirka ta Kudu ma, juya mota irin wanda samarinmu ke yi ya taso ne a unguwannin baƙar fata kamar Soweto a shekarun 1980, yana da alaƙa da 'yan daba da taron jana'iza, amma yau hukumar wasannin motoci ta ƙasar ta karɓe shi a matsayin wasa, ana yin sa a cikin shinge, 'yan kallo na biyan kuɗin ƙofa. Darasin da aka fi saurin ɗauka daga waɗannan misalai shi ne a samar da fili. Sai dai share fili da kafa tuta shi ne ɓangare mafi sauƙi na aikin. Abin da ke kashe tseren gida a ko'ina shi ne raguwar masu shiga, kuma hanyar da yake bi ya mutu kusan iri ɗaya ce a kowace ƙasa.

Ya kamata a fara bambance tseren gida da abin da ake gani a talabijin. A gasar Formula 1 kamfanoni ne ke zuba kuɗi, direba kuma ma'aikaci ne mai albashi. A ƙaramin fili kuwa, mai tseren bakanike ne ko ɗan kasuwa ko malamin makaranta, shi ya sayi motar, shi ke sayen fetur da taya, shi ke kwana a gareji yana ɗaure inji, kuma kyautar da ake bai wa wanda ya yi na ɗaya da wuya ta mayar masa da abin da ya kashe. To, a ce mutum ashirin suka fara gasa da motoci masu ƙarfi kusan ɗaya. A shekara ta biyu sai wani mai hali ya sayo injin da ya ninka na kowa tsada, ya riƙa cinye kowane zagaye. Mutum uku ko huɗu za su yi ƙoƙarin bin sa, su ci bashi su sayi irin nasa. Sauran za su yi lissafi su ga cewa suna ƙona kuɗin cefane ne domin su yi wa wani rakiya, sai su jingine motocinsu ɗaya bayan ɗaya. Idan motoci suka koma shida, kallon ya daina daɗi, 'yan kallo su ja baya, kuɗin ƙofa ya ragu, kyauta ta ragu, a ƙarshe shi kansa mai babban injin ya rasa wanda zai tsere wa. Saboda haka masu shirya tseren da suka daɗe a harkar sun fi damuwa da wanda ya zo na goma sha biyar fiye da zakara, domin zakara zai dawo ko ba a gayyace shi ba, shi kuwa na baya sai ya ga dalilin dawowa.

Maganin da ya fi ba ni sha'awa shi ne wanda mutanen Finlan da Suwidin suka daɗe suna amfani da shi a tseren talakawansu, inda ake fafatawa da tsofaffin motoci a ƙaramin fili mai haɗe da tsakuwa. Doka ce guda ɗaya: kowace mota da ta shiga tsere ta zama ta sayarwa a kan wani ƙayyadadden farashi mai rahusa, wanda aka sanar wa kowa tun farko. Da an gama tsere, duk mai so zai iya taya motar da ta burge shi, idan masu so suka yi yawa a yi ƙuri'a, mai motar kuma ba shi da ikon cewa albarka, in ya ƙi sayarwa ya rasa lasisinsa na tsere. Hikimar a fili take. Babu mai hankalin da zai zuba kuɗin mota biyar a cikin abin da za a iya raba shi da shi a kuɗin mota ɗaya kafin magariba. Ba a buƙatar alƙalin da zai buɗe inji yana auna kowane ƙarfe, domin son dukiyar mutum shi ke tsare shi. Ƙungiyar IMCA ta Amurka, wadda ke shirya tsere a filayen ƙasa, ta yi amfani da irin wannan dabara a kan inji kaɗai, wato abokin takara zai iya biyan wani ƙaramin kuɗi ya karɓe injin wanda ya zo a sahun gaba. Akwai kuma wata gasa a can da aka fara a 2006, wadda ta haramta kashe fiye da dala 500 wajen sayen mota da gyara ta, amma ta cire kayan kare lafiya da birki da taya daga cikin lissafin, don kada tsimi ya sa wani ya yi wasa da ransa.

Dokar tana da nata aibin, kuma a ganina aibin zai fi tsanani a wurinmu. Mutumin da ya shafe wata uku yana gyaran mota da hannunsa yana jin ta kamar ɗiyarsa, ranar da maƙwabcinsa ya ajiye kuɗi ya ja ta a gaban jama'a kuwa, ba kowa ne zai iya haɗiye abin ba. A gari irin Katsina ko Daura, inda kowa ya san gidan su kowa, ɗaya daga cikin biyu zai faru: ko dai kunya ta hana kowa taya motar ɗan babban gida, dokar ta zama ta takarda, ko kuma a taya ɗin ya zama gaba har iyaye su shigo ciki. Wasu filayen Amurka sun kauce wa wannan ta hanyar tilasta wa kowa sayen inji iri ɗaya daga masana'anta, a rufe shi da hatimi, duk wanda aka ga ya karya hatimin an kore shi. Wannan ya fi kawo zaman lafiya, amma yana kashe basirar bakanike, wadda ita ce rabin daɗin harkar, kuma a kasuwar da kusan kowane inji na hannu ne ba a san tarihinsa ba, babu abin da za a yi wa hatimi. Ko manyan ma ba su tsira daga matsalar ba, domin a 2021 Formula 1 ta ƙayyade wa kowace tawaga kashe dala miliyan 145 a shekara, bayan da ta ga ƙananan tawagogi na neman durƙushewa.

Hanya ta biyu ita ce a bar kowa da ƙarfinsa amma a daidaita tazarar, kuma a nan Bakatsine ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, shi ya dasa wasan folo a garin nan, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya yi fice a cikinsa har sunansa ya kai ƙasashen waje, kuma har yau ana taruwa a filin folo na Katsina kowace shekara. Abin da ya sa ƙwallon dawaki bai zama na mutum huɗu kacal ba shi ne tsarin ba da rata: kowane ɗan wasa yana da lambar da ke nuna gwanintarsa, daga ƙasa da sifili da biyu har zuwa goma, ana haɗa na kowace tawaga, wadda ta fi rauni a ba ta wasu ƙwallaye tun kafin a hura usur. Kofuna ma hawa-hawa ne, akwai na manyan gwanaye, akwai na masu tasowa. Tseren motoci na miƙaƙƙiyar hanya a Amurka ya rayu ne da irin wannan. Kowane direba yana rubuta lokacin da yake ganin motarsa za ta cinye tazarar, a saki mai rauni ya fara tafiya da gwargwadon bambancin da ke tsakaninsu, wanda kuma ya yi gudun da ya wuce abin da ya rubuta ya faɗi, don kada wani ya ɓoye ƙarfinsa. A haka mai tsohuwar Golf zai iya doke mai motar da ta ninka tasa tsada sau goma, idan ya fi shi sanin motarsa da natsuwa a kan totur.

Raba masu tsere aji-aji ma tsohon abu ne a wurinmu. A hadisin Abdullahi ɗan Umar da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa tsere tsakanin dawakin da aka horar a kan tazara mai tsawo, daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba kuma ya ba su gajeriyar tazara, daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ. Na kawo wannan ne domin duk wanda zai shirya tseren mota a ƙasar Katsina zai fuskanci tambayoyin malamai a kan almubazzaranci, da jefa kai cikin halaka, da kuma caca, kuma tambayoyi ne na gaskiya waɗanda ba za a share su da cewa zamani ne ya zo da abin ba. Idan kyautar ta fito ne daga aljihun masu tseren, wanda ya ci ya kwashe, maganar caca za ta taso nan take. Idan wani kamfanin sayar da baƙin mai ko dillalin taya ne ya sa kyautar, maganar ta yi sauƙi, kuma dama irin waɗannan 'yan kasuwa su ne ke ɗaukar nauyin ƙananan filaye a ko'ina, tun da masu sayen kayansu ne ke cika wurin.

Sauyin da ya fi taɓa mai mota a Najeriya a 'yan shekarun nan kuwa na aljihu ne. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai, farashin litar fetur na hukuma bai kai naira 200 ba, kafin ƙarshen 2024 ya haura naira 1,000. Darajar naira ta faɗi a daidai wannan lokaci, kuma taya da kayan gyara kusan duk daga waje suke zuwa. A farkon 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin kan tudu, aka rufe iyakokin a watan Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020 da aka fara buɗe wasunsu, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, kuma mutanen Jibiya da Mai'aduwa da Kwangwalam sun fi kowa sanin abin da hakan ya yi wa cinikin mota da kayanta. A irin wannan yanayi, tseren da zai iya rayuwa shi ne wanda ke cin mai kaɗan da taya kaɗan. Akwai shi kuwa. A Ingila da Amurka ƙungiyoyin masu sha'awa suna jera robobin alama a faffaɗan fili, mota ɗaya ke shiga a lokaci guda, ta bi kwane-kwanen cikin kamar minti ɗaya, agogo ya yi hukunci. Babu gogayya tsakanin motoci, don haka mutum zai iya zuwa da motar da yake kai yara makaranta ya koma gida da ita lafiya, kuma gudun bai cika wuce giya ta biyu ba.

Ƙasar da ake tseren a kai ma tana da tasiri a lissafin. Kwalta tana cinye taya, tana kuma bai wa mai babban inji damar sauke duk ƙarfinsa. A kan burji ko fako kuwa, ƙarfin da ya yi yawa sai ya zama sulɓi kawai, gwanintar hannu ta fi girman inji amfani, tayoyi kuma su daɗe. Wannan na cikin dalilan da suka sa filayen ƙasa suka fi na kwalta yawa a karkarar Amurka. Mu ma muna da tarihi da irin wannan hanya, domin Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, wadda kuma ta yi shekaru tana jigilar fasinja tsakanin Katsina da Kano, ita ta cinye gasar Safari ta Kenya a 1975. Matsalar burji a nan ita ce ƙura. Lokacin da ya fi dacewa da taro shi ne bayan kaka, sa'ad da gonaki suka zama fili kuma mutane na da ɗan abin hannu, kamar yadda aka saba da dambe da kokawa, amma lokacin ne hunturu ke busawa, kuma idan ba a tanadi tankar ruwa tana yayyafi tsakanin zagaye ba, na biyu ba zai ga na farko ba balle ya wuce shi.

Dogon tsere na gari zuwa gari, wanda shi ne Afirka ta fi shahara da shi, ya dogara ne kacokan a kan tsaron hanya. Gasar Faris zuwa Dakar, wadda aka fara a ƙarshen 1978 kuma ta sha ratsa Agadas a maƙwabciyarmu Nijar, an soke ta a 2008 saboda barazanar tsaro a Muritaniya, ta koma Kudancin Amurka, daga 2020 kuma ta koma Saudiyya. A gida, tseren motoci na bikin kamun kifi na Argungu ya sake fitowa a 2020 da goyon bayan hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, a lokacin shugabancin Jelani Aliyu, amma abu ne da ke rataye a wuyan biki, ranar da bikin bai yiwu ba shi ma ya kwanta. Jihar Katsina, wadda a 2021 ta kai ga rufe wasu hanyoyi da hana sayar da fetur a jarka saboda 'yan bindiga, ba wurin shimfiɗa tseren kilomita ɗari uku cikin daji ba ce. Ƙaramin rufaffen fili a gefen gari shi ne abin da zai yiwu, shi ma sai in yana da takarda mai ƙarfi, domin a Amurka filayen tsere da yawa sun mutu ne da gari ya cim musu, maƙwabta suka yi ƙorafin ƙara, mai fili ya ga sayar da shi ya fi riba, kuma duk wanda ya ga yadda ake yanka fuloti a hanyar Dutsin-ma da hanyar Daura ya san ba za a ɗauki shekara ashirin ba kafin hakan ta faru a nan.

A kan kare rayuka, tarihin wasan an rubuta shi ne da jinin 'yan kallo. A Le Mans ta Faransa a 1955 mota ta tarwatse cikin jama'a ta kashe fiye da mutum 80, har Suwizalan ta haramta tseren kewaye na shekaru masu yawa. A 1986 an soke rukunin motocin tseren daji mafi ƙarfi bayan wata mota ta kutsa cikin 'yan kallo a Fotugal, sannan direba Henri Toivonen da abokin tafiyarsa suka mutu a tsibirin Kosika. Wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Soro ranar hawan Sallah ya ga yadda jama'armu ke matsowa har sai dogarai sun kora su, alhali doki yana da ido kuma yana kauce wa mutum. Mota ba ta kaucewa. Saboda haka tudun ƙasa da jerin tsofaffin tayoyi da tazara mai yawa tsakanin fili da masu kallo sun fi kofi muhimmanci, haka ma hular kwano, da bel, da kejin ƙarfe a cikin mota wanda mai walda zai yi da bututu mai kauri, ba irin na ƙofar shago ba, da motar asibiti a tsaye tun kafin a tayar da injin farko. A ƙasar da saurayi ba ya shiga irin wannan harka sai da yardar mahaifi, gawa ɗaya ta isa ta kwashe rabin masu tseren a rana guda.

Akwai kuma waɗanda ba sa riƙe sitiyari amma fili ba ya tsayuwa sai da su, wato masu riƙe agogo da masu ɗaga tuta da mai faci da yaran gareji da ke tura mota idan ta mutu. Ƙungiyoyin da suka daɗe sukan tara maki a tsawon shekara maimakon a ƙare komai a rana ɗaya, su ba da maki ko ga wanda ya halarta kawai, su ware kyautar sabon shiga da ta bakaniken da ya fi iya gyara, ta yadda mutum zai samu abin nunawa a majalisa ko bai taɓa zuwa na ɗaya ba. Sanannen lokaci ma yana riƙe mutane, domin wanda ya san ranar zai fara tara kuɗin taya tun da wuri, kamar yadda mai doki ke fara kiwo da shirin kayan hawa tun kafin azumi.

Duk da haka ina shakkar cewa fili mai doka zai kwashe duk masu wasa da mota a bikin aure. Abin da wasunsu ke nema shi ne idon 'yan matan amarya da bidiyon da zai zaga wayoyi kafin isha'i, kuma rashin izinin na cikin abin da ke yi musu daɗi. Irin wannan saurayi, ranar da aka ce ya sa hular kwano, ya bi layi, ya jira a kira lambarsa, sannan agogo ya nuna a gaban kowa cewa wani yaron gareji mai tsohuwar Golf ya fi shi da daƙiƙa uku, da wuya a sake ganinsa a mako na gaba. Yaron garejin zai dawo, kuma zai zo da maigidansa da abokan aikinsa biyu, ɗaya riƙe da jarkar ruwan lagireto, ɗaya da safayar taya a ka.